Amsa kan ajin rawa na dattawa da rigakafin faɗuwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko ajin rawar da aka gayyaci Hajiyarku zai rage mata haɗarin faɗuwa, ko kuwa nishaɗi ne kawai. A ganina ki bar ta ta je, bayan likita ya duba hawan jininta da ganinta da magungunan da take sha, domin wasunsu suna sa jiri.

Amfanin rawa shi ne tana tilasta wa mutum ya mayar da nauyinsa daga ƙafa zuwa ƙafa, ya juya, ya ja da baya, kuma hankalinsa yana kan kiɗa a lokaci guda. Irin wannan rabuwar hankali tana cikin abubuwan da suke kayar da tsofaffi a tsakar gida, rawa kuwa tana sa jiki ya saba da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa jiki aƙalla kwana 3 a mako, saboda haka aji ɗaya a mako bai wadatar ba.

Idan kunya ce damuwarta, ki nemi ajin mata zalla. Ƙawayen da za ta samu a can su ne za su riƙa cigiyarta ranar da ba ta zo ba.