Rayuwar manoman farko a yammacin Amurka

Tambaya: Malam, shin mutanen da suka fara kafa gidaje a yammacin Amurka sun rayu ne cikin harbe-harbe da sukuwar dawaki, kamar yadda finafinan kaboyi suke nunawa? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, akasarinsu talakawan manoma ne. A shekarar 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba magidanci fili kusan hekta 65, bisa sharaɗin ya gina muhalli, ya zauna yana noma shekara biyar kafin ya mallake shi. Da yake itace ya yi ƙaranci a filayen Nebraska da Kansas, sai suka riƙa yanko ƙasa haɗe da saiwar ciyawa suna jera ta kamar tubali, suna kuma girki da busasshen kashin dabbobi. Fari da tsananin sanyi sun wahalar da su, sannan a 1874 fara ta cinye amfanin gona, masifar da manomin Damagaram ya sani sarai. Filayen kuwa suna da masu su tun asali, ƙabilu irin su Sioux da Cheyenne, waɗanda aka kora da ƙarfin soja.