Filin Lafiya: Wai rashin shan hantsi ne ya lanƙwashe ma yarona ƙafa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gajiya ya aiki. Dan Allah a taimaka mani da shawara, yarona shekara 2 da wata 8 amma ƙafafunshi sun lanƙwashe kamar baka, in ya yi 'yar tafiya kaɗan sai ya zauna yana kuka. Uwar mijina ta ce laifina ne wai ban bari ya sha hantsi, kuma gaskiya ba mu cika fita ba don ina cikin kulle, tsakar gidan ma an rufe rabinshi da kwano saboda zafi. Da gaske rana na gyara ƙashi ko dai faɗar tsofaffi ce? Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kar ki ɗora ma kanki laifi, amma maganar Inna akwai gaskiya a ciki, sai dai rabin zancen ta faɗa.

Idan rana ta taɓa fata, fatar da kanta take haɗa bitamin D, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin, toh wannan bitamin ɗin shi ke sa hanji ya iya tsotse sinadarin kalsiyam daga abinci ya kai ma ƙashi. In babu shi ƙashin yaro sai ya yi taushi, ga nauyin jiki ya hau kai, shikenan ƙafa ta lanƙwashe. Nonon uwa ma duk albarkarsa bitamin D ɗinsa kaɗan ne, balle in ita uwar ba ta samun rana.

Ga ɗaya rabin da nake so ki riƙe da kyau. A 1999 an fitar da wani bincike da aka yi a Jos kan yara 123 masu irin wannan lalurar, aka raba su, wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam, wasu duka biyun har sati 24, kuma waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Kin ga kenan a ƙasarmu da rana ta ishi kowa, sau da yawa abincin ne matsalar. Ana yaye yaro sai koko da tuwo, tuwo da koko, ba nono ba kifi. Wallahi abin na damuna, ace mutum yana Argungu garin kifi amma yaronsa bai ci. Ki riƙa ba shi kindirmo ko nonon shanu da aka tafasa, ƙananan busassun kifin nan ki daka su har ƙayar ki zuba a miya, miyar kuka da zogale ma suna da kalsiyam, ƙwai in an samu hali.

Maganar kulle kuwa ba sai kin fita ƙofar gida ba. Rabin tsakar gidan da ba kwano ya wadatar, ki shimfiɗa tabarma ku zauna ke da shi kamar minti 20 zuwa 30, hannu da ƙafa a buɗe, sau uku ko huɗu a sati, don mu baƙar fata muna buƙatar lokaci fiye da farare kafin jiki ya haɗa abin da yake so. Kuma ranar sassafe ɗin nan mai sanyi tana da daɗi, tana saita ma mutum barci ya riƙa jin shi da wuri da dare, tana washe zuciya, amma bitamin D sai rana ta ɗan ɗaga, wajen walaha. Wadda ke shigowa ta gilashin taga ba ta yi, gilashi na tare ta. A watan Maris da Afrilu da zafin Kebbi ke wuce digiri 40 ki rage lokacin, ruwan sha a kusa. In kina shafa man bilicin ki sani fatarki saurin ƙonewa za ta yi, ni dai shawarata a bar shi.

Amma dan Allah kar ki tsaya a rana da abinci kawai. Ƙaramin yaro ƙafarsa kan ɗan lanƙwashe ta miƙe da kanta wajen shekara 2, naki ya wuce nan kuma yana jin ciwo. Duba wuyan hannunsa ko ya yi kauri kamar kumburi. Ki lallaɓa maigida ku je asibiti a ɗauki hoton ƙashi a gwada jini, in abin ya fi ƙarfin na garinku za su tura ku Birnin Kebbi, akwai asibitin Sir Yahaya. In an kama da wuri magani na miƙar da ƙafa ba sai an yi tiyata ba. Kar ki saya a kemis da ka, bitamin D in ya yi yawa taruwa yake a jiki ya taɓa ƙoda.

TAMBAYA: Anti jaririyata kwana 4 idonta ya yi ɗorawa, maƙwabta sun ce shawara ce in shanya ta a hantsi. Daga Talata Mafara.

AMSA: A'a ƙanwata, kar ki shanya ta. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a sa shi cikin rana kai tsaye, zai ƙone ko ruwan jikinsa ya ƙare, kuma shawarar jarirai in ta yi tsanani ƙwaƙwalwa take taɓawa, wani ya kurumce, wani ya kasa zama har girmansa. A asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ake kwantar da su ƙarƙashinta bayan an auna jini. Ki ci gaba da ba ta nono akai-akai, banda jiƙo banda ruwan gulukos, ku tafi yau ɗin nan kar ki ce sai an yi suna.