Tambaya da Amsa: Raspberry Pi ɗina ta ƙi tashi

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da nake koyon kwamfuta da ita, kwana biyun nan in na jona ta wani lokacin ta tashi wani lokacin sai jar fitila kawai, kuma ko ta tashi WiFi ba ya kamawa, ga alamar walƙiya a saman allo. Cajar wayata nake sa mata. Ko dai ta ƙone ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, alamun nan ba na ƙonewa ba ne. Ni dai cajar nan nake zargi tun farko. Pi 4 tana son volt 5 da amp 3 ta USB-C, cajar waya kuwa ko an rubuta mata watt da yawa sau da yawa sai ta ɗaga volt take ba da ƙarfin, a kan volt 5 ɗin ba ta kai yadda ake so, in kuma igiyar siririya ce ko doguwa to a hanya ma wutar take raguwa. Da zarar ta sauka ƙasa da volt 4.63 walƙiyar nan take fitowa. Wallahi abin yana damuna yadda mutane ke jefar da na'ura lafiyayya saboda caja. In ta tashi ka buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled, in ka ga 0x0 wuta lafiya, in wani abu ne daban to ko dai wuta ta yi mata ƙasa ko ta yi zafi, sai ka fara da neman cajarta ta asali.

Bayan wuta sai ka kalli koriyar fitilar, ita ce ke nuna ana karanta memori, wato katin SD. In ta yi ƙyafta 4 gajeru tana maimaitawa, fayil ɗin tashi mai suna start.elf ne ba ta gani ba, in 7 ne kernel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita, ne babu. Duka biyun maganinsu ɗaya, ka sake rubuta memorin da manhajar Raspberry Pi Imager a wata kwamfutar, amma ka kwashe kayanka tukuna don komai zai goge. Kuma dan Allah ka daina zare wuta kai tsaye ba tare da ka kashe ta daga ciki ba, shi ke lalata memori. In koriyar ba ta motsa sam ko da sabon memori, Pi 4 tana ajiye abin da ke tada ta a cikin wani ɗan guntu mai suna EEPROM, a cikin Imager ɗin akwai fayil na gyara shi.

WiFi kuwa sai ka zaɓi ƙasar da kake a saitin raspi-config da ake buɗewa a Terminal, in ba haka ba a rufe yake zama. In ka jona filash ko hard disk a ramin USB 3 mai shuɗi, shi ma yana dagula siginar 2.4GHz, ka koma 5GHz tunda Pi 4 tana kamawa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Tawa tana tashi don koriyar tana wasa, amma talabijin ba ya nuna komai. Daga wata mai karatu.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa. In Pi 4 ce ko 5 ramukan HDMI biyu ne ƙanana, ki sa a wanda ke kusa da ramin caja, shi ne HDMI0. Sannan ki fara kunna talabijin ɗin kafin ki ba Pi wuta, saboda lokacin tashi take tambayarsa irin hoton da yake iya ɗauka, in ta same shi a kashe sai ta ɗauka babu allo. Ki kuma gwada wata igiyar, ƙananan adaftan nan suna yawan sakewa. In duk bai yi ba kuma tsarin Raspberry Pi OS na Bookworm na 2023 ko wanda ya biyo bayansa kike amfani da shi, tsohuwar dabarar hdmi_force_hotplug da ake ta yaɗawa ba ta aiki a kansa, sai dai ki sa memorin a wata kwamfutar ki buɗe cmdline.txt ki ƙara video=HDMI-A-1:1280x720@60D a ƙarshen layin, ki bar tazara ɗaya kafinsa kuma kar ki sauka sabon layi, fayil ɗin layi ɗaya ne tak.