Yayarki na buƙatar likita, ki raka ta

Kin ce yayarki nas ce, ta yi aiki a cibiyar killace masu korona, har yau ba ta samun barci, abu kaɗan sai ta fashe da kuka, 'yan gida kuma na cewa shafar aljanu ce.

'Yar'uwa, ni ma na yi wannan aikin a 2020. Tun safe za ka shiga rigar leda, zufa na taruwa a cikin takalmi, ruwa ma ba ka sha don kada fitsari ya matsa maka. Takunkumi ɗaya sai da muka yi kwana uku da shi. Ka dawo gida ɗanka ya rugo, kai kuma ka ja da baya. Wannan ya fi komai ci mini rai. Maƙwabta har gudunmu suke yi. Alawus ɗin haɗari kuwa naira 5,000 ne a wata kafin a ƙara, yana cikin abin da ya kai likitoci masu neman ƙwarewa yajin aiki a Yunin 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne suka rasu sanadin korona a faɗin duniya daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021.

Abin da kika lissafa ya yi kama da damuwar da ke biyo bayan firgici, kuma ana samun sauƙi. Addu'a ba ta hana ganin likita. Ki raka ta asibitin ƙwaƙwalwa, akwai na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri. In ta taɓa cewa ta gaji da duniya, a kai ta yau, kada a bar ta ita kaɗai.