Zauren Masu Sana'a: Mai a Cikin Tiyon Iskar Taya

Wasiƙun wannan makon duk sun taru a kan abu ɗaya, wato man da ke biyo iska daga kwamfiresa, injin hura iska, har ya shiga taya. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai faci ne a Aboabo, Kumasi. Kwanan nan baƙin mai da ruwa na fitowa ta bakin tiyona, kuma facin da na yi wa tub ba ya kwana uku sai ya ɗago. Na ɗaura filta a bakin tanki, amma ban ga canji ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Masta. Kafin ka sake kashe ko sidi ɗaya, yi wannan gwajin. Samu farar takarda, ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin tiyo, ka sake mata iska na minti ɗaya, sannan ka ajiye ta a rana. In ruwa ne kawai, zai bushe ya bar takardar fes. In mai ne, tabo zai zauna kamar na takardar da aka naɗe ƙosai. Ka yi gwajin a wuri biyu, a bakin tanki da kuma ƙarshen tiyo. Idan bakin tanki ya fito da tsabta amma tiyo ya yi tabo, to tiyon ne ya riga ya sha mai. Idan duka biyun sun yi tabo, injin ne ke amai, kuma daga can ya kamata a fara, domin filta ba ta gyara injin da ya lalace.

Kwamfiresa mai fistin, irin wadda mafi yawan masu faci ke aiki da ita, tana da mai a ƙasanta wanda ke fantsama yana shafa bangon silinda. Ringi, wato zoben da ke jikin fistin, shi ne ke share shi ya mayar ƙasa. Ɗan kaɗan kan kuɓuce ko injin sabo ne, wannan ba laifi ba ne. Abin da ke sa ya yi yawa sanannu ne. Na farko shi ne cika mai fiye da kima. Duba ɗan gilashin da ke gefe, man ya tsaya a tsakiya, daidai ɗigon ja, kuma injin yana zaune a daidaitaccen wuri lokacin da kake dubawa. Injin da ke karkace a bakin titi yakan ruɗi mutum ya yi ta ƙari. Na biyu, filtar da injin ke shaƙar iska ta cikinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan toshe ta cikin kwanaki kaɗan, ballantana a gefen babbar hanya. Da zarar ta toshe, fistin in ya sauka ba ya samun isasshiyar iska, sai ya zuƙo mai ta gefen ringi. Wasu kan cire filtar gaba ɗaya don injin ya huta, nan kuwa ƙura ce za ta shiga ta cinye ringin da bangon silinda. A tsaftace ta duk mako, a sauya in ta gaji. Haka nan ɗan hancin da ke saman gidan mai, wanda yake numfashi ta cikinsa, in ya toshe matsi kan taru ya tura man sama.

Sai zafi, wanda shi ne aka fi rainawa. Iskar da ke fita daga kan silinda tana iya haura digiri 150. In injin ba ya hutawa saboda yoyo a mahaɗai, ko an cusa shi lungu babu iska, ko fankar da ke jikin babbar fulin tana juyawa a baibai bayan an sake haɗa wayar moto, man zai tsinke ya zama hayaƙi. Akwai kibiya a jikin fulin ko murfinsa, a bi ta. Yoyo kuwa ruwan sabulu ke tona shi. Game da irin man, a zuba man kwamfiresa na ainihi, mai lamba ISO 100 ko SAE 30 marar sinadarin wanke inji. Man mota yana barin baƙin gawayi a kan bawul ɗin kai, bawul ya daina rufewa da kyau, zafi ya ƙaru. Tsohon man da aka juye daga inji kuwa kada ma a kusanto da shi. In an bi duk wannan amma har yanzu man yana raguwa kuma tanki na jinkirin cika, ringi ya ƙare, sai a kai wa makanike a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya buɗe ya auna silindar kafin a sa sabo.

Yanzu ga dalilin da filtarka ba ta yi aiki ba. Mai yana tafiya cikin iska ta siffa uku: ɗigo-ɗigo, da feshi mai laushi kamar hazo, da tururi. A bakin tanki iskar na da sauran zafi, wani ɓangare na man da ruwan yana tururi, sai ya ratsa filta kamar babu ita, ya je cikin tiyo ya huce ya zama ruwa-ruwa a can. Dole iska ta huce kafin ta iso filta. Ka sa bututun ƙarfe ko na jan ƙarfe, rabin inci ko inci uku cikin huɗu, tsawon aƙalla mita 6 tsakanin tanki da filta. In wuri ya yi maka kaɗan, ka nannaɗe na jan ƙarfe kamar gammo ka rataye a inuwa, iska ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa. In a bango za ka ja shi, ya riƙa gangarawa kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ƙarshensa ya sauko ƙasa kamar santimita 30 da ɗan famfo na zubar da abin da ya taru. Reshen da zai kai iska ga tiyo ya fita ta saman bututun ya lanƙwaso, don abin da ke kwarara a ƙasan bututu ya wuce shi. Kada ka yi amfani da bututun roba na PVC irin na ruwan famfo. Mai da zafin rana suna gajiyar da shi, kuma in ya fashe da iska a ciki, tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Filtar da ka saya, in irin mai ɗan kofi ce da aka fi samu a kasuwa, ta maikuron 5 ce ko ma 40 (maikuron ma'aunin ƙanƙantar abin da filta ke iya kamawa ne, kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Tana kama ruwa da tsatsa da manyan ɗigon mai, feshi kuwa ya fi ƙarfinta. Ka bar ta a matsayin ta farko, ka ƙara ta biyu a bayanta, wadda masu sayarwa ke kira kowalesin, ta maikuron 0.01. Cikinta zare ne mai laushi ƙwarai. Ƙananan ƙwayoyin mai suna maƙalewa a jikinsa, su haɗu su yi nauyi, su gangaro cikin kofi. Mai kyau takan rage feshin man zuwa miligiram 0.01 a kowace mita kubik ta iska. Akwai ta uku, ta gawayi, mai kama tururi da wari, amma masu fenti ne ke buƙatarta, mai hura taya bai wajaba ya saya ba, kuma zafin ƙasarmu na gajarta kwananta.

Wajen ɗaurawa, ka kashe inji ka sauke iska har geji ya koma sifili. Kibiyar da ke jikin filta ta kalli inda iska za ta, kofin ya kalli ƙasa a tsaye. Ka duba lita nawa take ɗauka a minti, ta fi abin da injinka ke bayarwa. In ta yi ƙarama, gudun iska zai sake kwashe man da ta tara. Ba a wanke cikin kowalesin, sauyawa ake yi, duk shekara ko kuma da zarar matsin bayanta ya gaza na gabanta da kamar rabin bar, ma'aunin matsin iska da ke kan geji. In ka ga ƙasan zaren ya jiƙe, aikinta take yi.

Zubar da ruwan tanki kuma kullum ne. Iska mai zafin digiri 30 da laima kashi 80 cikin 100, irin ta daminar Kumasi, tana ɗauke da kusan giram 24 na ruwa a kowace mita kubik. Injin da ke shaƙar lita 300 a minti, in ya yi awa 4 yana aiki a kan bar 8, zai sauke kusan lita ɗaya da rabi na ruwa a tanki da bututu. Wannan ruwan ne ke gauraya da mai ya zama farin kunun nan da ke fita ta famfon ƙasa. A tare shi a galan, a bari man ya taso a kwashe, kada a sake shi cikin kwata.

Batun facin da ke ɗagowa, muna kyautata zaton kana hure wurin da tiyo bayan ka goge shi. Wannan hurawar fesa mai ce a kan wurin da gam zai kama. Ka share da tsaftataccen burushi. In tub ɗin na da maiƙo, a fara wanke wurin da ruwan goge roba na masu faci kafin a kankare, domin kankarewa a kan mai tura shi take yi cikin robar.

Tambaya: Ni yaron shago ne a Suame Magazine. Wani ya ce in ɗura fetur a tiyo in hure shi da iska, man zai fita. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi, ko da kananzir ko tina. Tururin fetur da iska mai matsi in sun haɗu, tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da ya rage a tiyon kuma taya zai shiga, ya zauna a ciki har ranar da ta ɗauki zafi a hanya ko wani ya kusanto da wuta. Ban da haka, suna cin robar tiyo, suna kuma tsattsaga kofin filta na roba mai haske.

Ga yadda ake yi. Cire tiyon daga inji, ka kwance bakin hurawa da geji. Zuba ruwan zafi da sabulun wanke-wanke na ruwa har rabinsa, toshe bakin biyu, ka yi ta ɗaga gefe kana sauke gefe, ka zubar. Maimaita har ruwan ya daina fitowa da maiƙo, ka ɗauraye, ka rataye shi bakin biyu na kallon ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, sannan ka hure shi da iskar da ta riga ta bi ta filta, ka riƙe bakin da kyau don kada ya yi bulala. Bututun ƙarfe yakan wanku sarai ta wannan hanya. Tiyon roba da ya daɗe yana shan mai kuwa, man ya shige cikin namansa, bayan 'yan makonni zai sake tsattsafowa. In ka matsa shi ka ji ya yi laushi, ko cikinsa na danƙo, ka gaya wa maigidanka a sayi sabo ranar da za a ɗaura filta.

Tambaya: Ina da motocin haya na trotro biyu da ke tashi daga Asawase. An buɗe taya tubles guda, muka tarar da ruwa mai maiƙo kwance a ciki. Tayar ta mutu ke nan?

Amsa: Hajiya, ba lallai ba ne. Shimfiɗar cikin tubles, da shi kansa tub, da robar butil ake yin su. Ta ƙware wajen riƙe iska, amma ba ta jure man fetur da danginsa: tana tsotsarsa, ta kumbura, ta yi laushi. Ɗan hazon da ya shiga a hurawa ɗaya ba zai kashe taya ba. Wanda ya kwanta ya yi watanni yana ɗaukar zafin hanya shi ne abin damuwa. A cire tayar daga rim, a goge, a wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai, sannan a duba cikinta da fitila ana shafawa da hannu. In shimfiɗar na nan sumul da ƙarfinta, a sauya bawul a mayar da ita. In an ga ƙuraje, ko tattarewa, ko wurin da ya yi taɓo-taɓo, a ajiye ta, kada ta sake ɗaukar fasinja. A duba rim ɗin ma, don ruwan na sa tsatsa a inda bakin taya ke zama, daga nan iska ta fara sulalewa. Ki umarci direbobinki su ce wa mai faci ya fara sakin iska a ƙasa na 'yan daƙiƙu kafin ya ɗora a bawul, su ga abin da ke fitowa.

Tambaya: A garejinmu da ke Tafo muna da bindigar kwance noti mai aiki da iska, an sa mata kofin da ke ɗiga mai a layi. Da tiyon nan muke hura taya. Akwai illa?

Amsa: Akwai, Alhaji. Wannan kofin aikinsa ke nan, ya fesa mai cikin iska don bindigar ta samu, kuma duk tiyon da ke bayansa ya zama na mai har abada. Ku raba layin gida biyu bayan filta ta farko. Reshe ɗaya ya bi ta kofin mai zuwa bindiga, ɗayan ya bi ta kowalesin zuwa sabon tiyon taya. Ku sayi tiyon da launi daban, ku kuma sa musu mahaɗai iri daban yadda na wannan ba zai shiga na wancan ba, don yaran shago kada su musanya cikin sauri. In bindigar ɗaya ce tak, ya fi sauƙi ku cire kofin gaba ɗaya, ku riƙa ɗiga mata man kayan iska ɗigo 3 zuwa 5 ta bakin shigar iskarta kowace safiya kafin a fara aiki.