Filin Jirgin Saman Agadas da Ƙarancin Jirage

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina zuwa Agadas sau biyu ko uku a shekara ta hanyar Damagaram. An ce filin jirgin saman garin na ƙasa da ƙasa ne, amma ban taɓa samun jirgin da zai ɗauke ni daga Kano ya sauke ni can ba. Shin filin ne bai kai ba, ko kuwa akwai wani dalili? Kuma wane ne Mano Dayak da aka sa wa filin sunansa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Filin bai gaza ba. Titinsa na kwalta ne, tsawonsa kuma ya kai kimanin mita 3,000, wanda ya ishi manyan jiragen fasinja sauka da tashi. Abin da ake nufi da filin ƙasa da ƙasa shi ne an yarje wa jirgin da ya taso daga wata ƙasa ya sauka kai tsaye, a duba fasfo, 'yan duwan, wato jami'an kwastan, su duba kaya. Samun jirgin da zai riƙa zuwa kowane mako kuwa magana ce ta fasinja da ta tsaro, kuma nan ne Agadas ta sha wuya.

A da, idan hunturu ya kama, jiragen shata sukan taso daga Faransa cike da 'yan yawon buɗe ido masu son ganin duwatsun Azbin da rairayin Tenere da hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka gina da ƙasa, tsawonta mita 27. Direbobi da masu masauki da maƙeran azurfa da dukawa duk suna cin abinci ta wannan hanya. Sai tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007, bai lafa ba sai 2009. A watan Satumba na 2010 aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, wani gari da ke arewa da Agadas, a watan Mayu na 2013 kuma aka kai hari barikin soja a Agadas kanta. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji yankin, jiragen shata suka ɗauke ƙafa. A shekarar 2013 ɗin ce hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, amma hakan bai dawo da baƙin kamar da ba.

Kamfanin jirgi ba ya buɗe hanya sai ya tabbata kujerunsa za su cika zuwa da dawowa, kuma aiki a irin wannan wuri yana da tsada. Man jirgi a tanka ake kawo shi daga nesa. A lokacin bazara iska mai zafi tana rage ƙarfin da ke ɗaga jirgi, don haka wani lokaci sai an rage kaya ko fasinja kafin a tashi, a hunturu kuma hazo kan hana matuƙi ganin titi har a ɗage tafiya. Shi ya sa a 'yan shekarun nan abin da aka fi gani a filin shi ne ƙananan jiragen cikin gida daga Yamai, da jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya masu ɗaukar ma'aikatan agaji, da na soja. Sansanin jirage marasa matuƙa da Amurka ta gina kusa da garin ma bai taɓa ɗaukar fasinja ba, kuma sojojinta sun fice daga cikinsa a watan Agusta na 2024.

A ganina, abin da ya fi dacewa hukuma ta sa a gaba shi ne jirgin cikin gida mai ranaku tsayayyu da kuɗin da talaka zai iya biya, kafin a yi maganar baƙi. Tsakanin Agadas da Yamai kimanin kilomita 950 ne ta Tawa, kuma duk wanda ya taɓa raka maras lafiya a mota a wannan hanya ya san abin da nake nufi. Hanyar Kano kuwa, ko da yake fatake sun daɗe suna binta da ayarin raƙuma da gishirin Bilma, buɗe ta ta sama sai hukumomin sufurin jirage na ƙasashen biyu sun amince, sannan a sami kamfanin da ya ga riba a ciki.

Shi kuwa Mano Dayak Ba'azbine ne da ya yi suna wajen kai baƙi yawon hamada, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen farkon shekarun 1990. Ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1995, lokacin da ƙaramin jirgin da zai kai shi Yamai kan maganar sulhu ya faɗi a duwatsun Azbin.