Kar ka sayar da babur ɗin tukuna

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama lisans, wato digirin farko, a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, ranka na kan aikin hulɗa da jama'a, kana tambaya ko ka sayar da babur ɗinka ka nemo hanyar zuwa nan Faransa ka yi sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata.

Ka bar babur ɗin a inda yake. A ƙasar nan ba a ba mutum sitaj sai da yarjejeniyar da ɓangare uku suka sa wa hannu: kai, makarantarka, da ma'aikatar. In ba ka da rajista a makaranta, ba wanda zai duba ka. Idan sitaj ya wuce wata 2 dole a biya ka, amma a 2024 mafi ƙarancin kuɗin yuro 4,35 ne a awa, kuma hayar ɗaki a birnin Liyon kaɗai ta cinye mafi yawansa. Sitaj ba ya wuce wata 6 a wuri ɗaya cikin shekarar karatu. Ga ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe tun farkon 2024, ka ga maganar biza ma wani dutse ne.

Ranar da aka fara kirana ganawar neman aiki a nan, matar da ke yi mini tambayoyi ba ta ko buɗe takardun makarantata ba. Cewa ta yi in nuna mata abin da na taɓa rubutawa. Abin da ya fisshe ni kunya sanarwa ce mai shafi ɗaya da na yi wa wata ƙungiya a Damagaram, lokacin buɗe famfo a wani ƙauye. Ni na zagaya da ita gidajen rediyo cikin rana. Ranar bikin lasifika ta mutu, mai gari da dattawa na zaune tun hantsi, baƙi daga Yamai ba su iso ba. Na je na durƙusa na ba su haƙuri, na sa aka zaga da ruwa, na roƙi sanƙira ya ɗaga murya a madadin lasifika. Da na ba ta labarin nan, sai ta ajiye biro ta saurare ni har ƙarshe.

To ka fara daga gida. Rubuta takardar neman sitaj, ka kai da hannunka Rediyo Anfani, ko ofishin magajin gari, ko ƙungiyoyin da ke aikin ruwa da lafiya. Tun ranar farko ka tambayi wanda zai riƙa duba aikinka. Ni na taɓa asarar wata 3 a wani ofis ina dafa shayi da buga kwafi, don ban yi wannan tambaya ba, har yau abin na ci mini rai. In ka gama, kar ka fita sai da takardar shaida mai hatimi, kuma duk abin da ka rubuta ko ka naɗa, adana shi.

Hausarka ma jari ce, musamman tun da aka ayyana ta harshen ƙasa a Nijar a 2025. Masu iya rubuta sanarwa da Faransanci suna da yawa. Wanda zai juya ta yadda mai sayar da gero a Kasuwar Dole zai ji ta shige shi, shi ake nema.

Rubuta sanarwa ɗaya a makon nan, ko ta taron unguwarku ce, ka turo mini ta WhatsApp in gyara maka. Ka gaishe mini da Inna.